Yadda Za Ka Riƙe Teburin Cin Abinci da Sojojin Roba

Ɗan'uwa, ka sayi akwatin sojojin roba ƙanana, irin waɗanda ake jerawa a tebur ana yaƙi da su da ɗan ludo da tef ɗin awo? Ka kira abokanka ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce "sai na duba"? To zauna nan. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan babu mahaluƙin da zai ci ka da yaƙi, don dama babu kowa.

Mataki na 1: Mamaye fili

Teburin cin abinci ne kaɗai zai ɗauke ka. Kifa kofi, ya zama tudu. Kwalbar gishiri hasumiya ce, soson wanke-wanke kuma daji. Tef ɗin awo yana cikin aljihun keken ɗinkin matarka, ɗauko abinka.

Za ta fito da faranti a hannu ta ce, "Janar, mu kuma a ina za mu ci?" Ka ce mata cin abinci a kan cinya yana ƙara danƙon iyali. Za ta dube ka ta ce, "Na ji. Amma ranar da wani ya ci wani a yaƙin nan, ranar zan karɓi teburina."

Amince. Daga yau aikinka ɗaya ne, kada yaƙin ya ƙare.

Mataki na 2: Raba kanka biyu

Ajiye kujera a kowane gefe. Shuɗaye naka ne, jajaye na abokin gaba, wanda shi ma kai ne. In ka gama motsa shuɗaye, tashi ka zagaya, ka zauna a kujerar jajaye, ka manta duk abin da ka ƙulla. Ba wuya. Mutumin da aka aika sayen sabulu ya dawo da fentin sojoji ba za a koya masa mantuwa ba.

Mataki na 3: Yi adalci, amma da hankali

Littafin dokokin da ya zo cikin akwatin ya kai bulo kauri. Karanta shafin da ya goyi bayanka, sauran ka tokare ƙofa da su.

In ɗan ludo ya ba shuɗaye ɗaya, bai zauna daidai ba, a sake. In ya ba jajaye shida, teburin ne ya girgiza. Ka dinga ƙuntata wa jajaye, amma kar ka kuskura ka gama da su. Tuna sharaɗin.

Mataki na 4: Yi magana da ƙarfi

Mai wasa shi kaɗai dole ya yi wa kansa hira, in ba haka ba shirun ya yi yawa, har ka fara jin tausayin kanka. Buga tebur ka ce, "Zan ɓoye maharbana a bayan gishiri, ba wanda zai sani!"

Matarka tana nan falon tana guga? Haba, rabu da ita. Me ya haɗa ta da dabarun yaƙi?

Mataki na 5: Yarda da baiwarka

Wata rana za ka dawo daga aiki ka tarar jajaye sun matsa. Sun zagaye soso, sun hau kofi, sun sa gishirin a tsakiya. Kar ka zargi kowa. Kai ne ka yi, ka manta, kamar yadda Mataki na 2 ya tanada. Tsaya ka riƙe ƙugu ka ce, "Kai, ashe haka nake!"

In ka ji wata ta shaƙe da dariya a kicin, tari ne.

Mataki na 6: In kujerar ta cika

Za ka tashi zagayawa kamar kullum, sai ka tarar da mutum a kujerar jajaye, tef ɗinta a wuya, ɗan ludo a hannu.

"Koma wurinka, Janar," za ta ce. "Bayin Allahn nan sun sha zalunci a hannunka. Kuma na gaji da ganinka kana kewaya tebur kai kaɗai kamar wanda ya ɓatar da makulli."

Ka ce, "Ai ba ki san doka ba."

"Wacce? Wadda ka tokare ƙofa da ita? Na karanta. Babu inda aka ce a sake."

A nan ilimina ya ƙare. Maharbanka za su zube kafin dutsen guga ya huce. Za ta kwashe gawarwaki a faranti, ta goge tebur, ta mai da gishiri gishiri. Zai yi maka ciwo, wallahi zai yi. Amma bayan an ci abinci za ta turo maka akwatin ta ce, "Jera su. Ka rama in za ka iya, amma a kwashe kafin lokacin abinci na gaba."

Jera su, bakinka alaikum. Ka yi ta neman aboki ba ka samu ba, ga abokin gaba har gida, kuma shi ba ya cewa "sai na duba".

Sanarwa: Marubucin ba shi da alhakin asarar tebur, muƙami ko mutunci. Alkawarin da aka yi a sama ya shafi kujerar da ba kowa ne kawai. Masu ƙorafi su kai wa Kwamandar Jajaye, ni yanzu jera mata sojoji nake yi.