Ranar da Akuya ta Riƙe Kwantenar Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin nan ba, kuma wallahi da ana sayar da mantuwa a Murshid Bazaar da ni ce ta farko a layi. Abin bai daɗe da faruwa ba. Har yanzu in ina zaune waya ta yi wata 'yar ƙara a bayana, sai in waiga ina neman akuya.

Ni ma'aikaciya ce a wani ɗan ofishin kargo a unguwar Deira da ke Dubai. Bayan na gama sakandare a Kano na zauna gida ba karatu ba sana'a, sai gwaggona mai safarar abaya ta yi ta yi wa Alhaji Mudi magiya har ya ɗauke ni. Da sunan kamfaninsa aka yi min biza. Ma'ana, ranar da ya ce khalas, wato an gama, to khalas ɗin ne, sai jirgi. Ranar da zan taho Gwaggo ta riƙe min kunne ta ce, "Mutuncina na jingina aka ɗauke ki. Kar ki sa in kasa bi ta ƙofar ofishin nan."

Aikin ba wuya. 'Yan kasuwa su kawo kaya, a ɗora kwali kan sikeli, nauyin ya fito a kwamfuta, in sa sunan mai kaya, firinta ta tofo sitika, a manna. Kwamfutar kuwa ta girme ni, Baba Tsoho muke ce mata. Ita kaɗai ce sikelin ya yarda ya yi magana da ita, shi ya sa Alhaji ya ƙi sauya ta. Doka ɗaya ce a kanta: ba a kashe ta, ko da wasa. Wani Ba'indiye mutumin Kerala ne ya haɗa ta, ya koma garinsu da lambar sirrin a kansa, kuma ba a sake samunsa a waya ba. In ta mutu ta tashi, za ta nemi lambar, babu mai ita. Har ƙaton batir Alhaji ya saya mata don kar wuta ta yi mata gardama. A kibod ɗin ma akwai giɓi ɗaya a can sama gefen hagu, gurbin maɓallin fita, wanda ake rubuta Esc a kai. Wanda ya riga ni aiki ne ya taɓa danna shi awon yini guda ya ɓace, Alhaji ya sa sukundireba ya ɓanɓare shi kamar ruɓaɓɓen haƙori.

Faifan da ya jawo min masifar kuma daga Rukaya ya fito, 'yar Zangon Kumasi da muke ɗaki ɗaya a unguwar Al Warsan. Tana shara a gidan wasu Turawa, suka zubar da tarkace, ta tsinto faifan sidi mai hotunan gem birjik a bayansa. Ta cilla min shi kan katifa ta ce, "Cale ƙawata, duk Dubai ke kaɗai ce kike da kwamfuta mai cin faifai. Je ki ga abin da ke ciki ki ba ni labari."

(Da na bar shi a kan katifar nan, da yau ina cikin masu daraja.)

Daga azahar zuwa la'asar kasuwa tana rufewa, kowa ya tafi cin abinci da ƙailula, ni kuma Al Warsan ta yi nisa, sai in zauna ni kaɗai da iyakwandishan. A irin wannan zaman ne Shaiɗan ya ce min, gwada mana. Na danna, bakin faifan ya fito yana nishi kamar tsohon da aka tayar daga barci. Na sa, ya haɗiye. Sunayen gem suka jeru fal. Irin na ɗanɗano ne: su ba ka kashin farko kyauta, ka yi, ka kwafa wa abokanka ma in ka so, in ya yi maka daɗi ka sayi sauran. Kamar dai mai kilishi da zai yago maka ɗan guntu don ka ciro kuɗi.

Ina ta danna Next, Next, duk abin da suka tambaya in zaɓi na farko. Wasu suka ƙi tashi sam. Ɗaya ya buɗe ya rufe kamar ƙiftawar ido. Gem ɗin karta ne da wani na jera duwatsu masu launi suka zauna lafiya, a 'yar ƙaramar taga mai alamar rufewa a kusurwa. In kashin kyauta ya ƙare, su yi min godiya da Turanci su rufe kansu. Na yi kwanaki a haka ba abin da ya faru, har na fara jin ni ma injiniya ce.

Ranar Alhamis ake rufe kwantena. Da safe na auna kaya har bayana ya ƙage, duk awon yana cikin Baba Tsoho, saura na 'yan yamma. Ina gama cin shawarmata na ga hoton wata akuya da hular kwano a cikin jerin, na yi dariya na saka ta.

Fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin.

Na tashi tsaye. Na zauna. Na karanta duk abin da ya zo bakina, har da addu'ar shiga banɗaki. Can sai haske ya dawo, amma babu shafin awo, babu agogo, babu linzami. Akuya ce kawai ta cika fuskar daga bango zuwa bango, tana tsaye bakin rami tana kallona. A ƙasa an rubuta cewa mai son fita ya danna Esc. Na kalli rubutun, na kalli giɓin.

Babu maɓallin da ban danna ba. Wannan ya sa ta tsalle, wancan ya sa ta tunkuyi, kuma duk tsallen da za ta yi sai ta ce "meee" daga cikin tumbin kwamfutar, inda babu abin rage murya. Na san akwai maɓallai uku da ake dannawa tare, amma na taɓa ganin suna kai mutum wajen da ake neman lambar sirri, don haka ko kallonsu ban yi ba. Na jefa akuyar rami da gangan ko za ta mutu a huta. Ta mutu, ta dawo. Na sake, ta sake dawowa, da hularta tsaf. Na kira Rukaya, ta ce, "Cire wayar wuta mana." Na kashe kiran.

Dabara ɗaya ta rage min. Tun da sauran suna rufe kansu in kashin kyauta ya ƙare, to wannan ma sai na kai ta ƙarshe. Na gyara zama na fara kiwon akuya, gumi yana bin bayana a cikin sanyin ofis.

Ana idar da la'asar Hajiya Turai ta turo ƙofa. Babbar 'yar Kantin Kwari ce, masu turin kaya biyu a bayanta, kuma a daren za ta hau jirgi.

"'Yar nan, yi maza ki auna min, ina da sauran sayayya."

"Sannu da zuwa Hajiya. Shwaiya, ɗan jira kaɗan, netwok ne ya ɗan tsaya."

"Wane netwok? Kwamfutar nan ai ta girmi netwok."

Na karkatar da fuskar kwamfutar, na haɗe rai irin na mai babban aiki, yatsuna suna ta bugu. Rami ya zo. Ba yadda zan yi, na tsallaka.

"Meee."

Na yi tari da ƙarfi. Hajiya ta waiga ta kalli masu turin kaya, su ma suka kalli juna. Kafin wani lokaci mutum ya kai bakwai ko takwas a ofis, kwalaye har bakin titi. Wani Alhaji Sabo mai takalma ya ce, "Ni fa kamar kukan dabba nake ji. Ko wani ya sako ta a kwali ne?" Aka yi dariya. Ni ma na buɗe baki don in taya su, sai kuka ya fito a maimakon dariyar.

Hajiya ta zagayo bayan teburina. Ta daɗe tana kallo, ni ina kuka ina tsallake rami, don wata kura ce ta biyo akuyar, in na tsaya za ta cim mata.

"Me nake gani haka?"

Na faɗa mata komai, majina da hawaye: faifan, giɓin, mutumin Kerala, awon safe da zai tafi in aka kashe, har da na kayanta na jiya. Na ɗauka za ta mare ni. Sai ta aje jakarta ta ce, "To in haka ne me kike jira? Share hawayen ki ga hanya. Ga wani ramin nan."

Abin da ya biyo baya, in na tuna, nakan rufe fuska ko ni kaɗai ce. Manyan mutane masu jikoki suka cika bayan teburina. Alhaji Sabo yana cewa in bi ta sama, wani yana cewa sama akwai ƙaya, ya gani ɗazu. Masu turin kaya, 'yan Pakistan, suna leƙe ta kafaɗa suna "yalla, yalla", wai in yi sauri. In na faɗa rami ofis ya ɗauki salati gaba ɗaya. Hajiya ta ce wa Alhaji Sabo, "Kai da ko tsallake kwata ba ka iyawa, ka bar yarinya ta yi aikinta."

Ana cikin haka Alhaji Mudi ya shigo, kuma ba shi kaɗai ba. Da wani baƙo ne, babban dilan kayan gini da Alhaji ya daɗe yana zawarcin kayansa. Tun daga ƙofa na jiyo muryarsa: "Mu nan komai a kwamfuta yake, Alhaji, ba ma wasa da kayan mutane."

Mutane suka dare. Ya rage daga ni sai Alhaji, sai akuya a tsakaninmu. Ban ankara ba hannuna ya taɓa maɓalli.

"Meee."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Fuskar Gwaggo kawai nake gani, da ni a filin jirgin Kano da jaka ɗaya, ana tambayata me ya dawo da ni. Hajiya ce ta yi bayani. Alhaji ya saurara har ƙarshe. Ya kalli soket, ya kalli batir, ya kalli kwalayen da suka toshe titi. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Saura nawa ta isa?"

"Ina jin an kusa, ranka ya daɗe."

"Ci gaba."

Ya jawo kujera ya zauna, ya ciro carbi. Mutumin da ya yi aikin hajji ban san adadi ba, ga shi yana jan carbi don akuya ta haye gada. Baƙon ya tsaya ya ɗan kalla, ya ce zai je ya dawo. (Bai dawo ba. An ce yanzu ofishin da ke kallonmu yake kai kaya.)

Ban san yadda na ƙarasa ba, idona duk ya yi dishi-dishi. Na dai ga akuyar ta shige wani lambun kabeji, kiɗa ya tashi, Alhaji Sabo ya ce alhamdulillahi har da shafa fuska. Rubutu ya fito, na karanta musu ina fassarawa: sun gode da na gwada, in ina son kashi na biyu in saya. Layin ƙarshe ne na kasa karantawa.

"Me suka ce kuma?" in ji Alhaji Mudi.

"Sun ce... a danna Esc a fita."

Ni na riga na fara tunanin wa zan bar wa bargona a Al Warsan. Sai Hajiya ta sunkuya ta leƙa giɓin, ta ce, "Wai shi wannan, hular kawai aka cire masa ko har da ransa?" Ta zare fil daga mayafinta. Alhaji ya miƙe da sauri: "Hajiya, sau ɗaya. Don girman Allah sau ɗaya, in kika yi biyu mun shiga uku." Ta yi bisimilla ta caka.

Fuskar ta yi baƙi, ta yi fari, sai ga shafin awo ya dawo, komai yana nan yadda na bar shi. Hajiya ta mayar da fil ɗinta ta ce, "Ashe tun ɗazu wahalar banza muka sha. Auna min kayana."

Kwantena ta rufu a makare, amma ta rufu. Da kowa ya watse na tsaya gaban teburin Alhaji ina jiran ya ce khalas. Ya fitar da faifan da kansa, ya jefa a aljihu, ya naɗe bakin kwamfutar da salatif ɗin kwali.

"Ba zan kore ki ba," ya ce. "In na kore ki gwaggonki za ta tambaye ni dalili, ni kuma da girmana ba zan buɗe baki in ce akuya ba. Je ki."

Shi bai faɗa ba, amma 'yan Kwari da suka hau jirgi a daren sun sauka da labarin. Yanzu kwali yakan zo an rubuta a jikinsa da alƙalamin maka, "A ba Mai Akuya". Shekaranjiya Umma ta kira ni, muryarta cike da murna, wai ta ji a gidan biki na fara kiwon akuya a Dubai, Allah ya sa albarka, in ta haihu kar in sayar da 'ya'yan kafin Sallah. Na ce amin. Me zan ce?

Abin da na koya bai da yawa, amma na biya shi da tsada: duk inda aka ce maka shiga kyauta ne, kafin ka sa ƙafa ka tambaya ta ina ake fita.