Ranar da Na Rasa Hayaƙi

Jama'a, ranar Laraba saura ƙiris in faɗi jarrabawa, kuma laifina ɗaya ne: motata ba ta hayaƙi.

Ga wanda bai san ta ba, doguwa ce mai faffaɗan baya, irin masu haɗa batir da fetur ɗin nan. Ba don gayu na saye ta ba. Keken da muke tura Inna, mahaifiyata, yana shiga bayanta ba sai an kwance masa ƙafa ba, shi ne ya ja hankalina. Daga baya na gano halinta. In tana tsaye ko tana tafiya a hankali, injin barci yake yi, batir ke ɗawainiya, ba ƙara ba hayaƙi. Maƙwabcina mai akori-kura, wanda ya fi kwana a layin mai fiye da ɗakinsa, ya ce shi bai yarda da motar da ke shigowa unguwa ba sallama ba.

To, takardar awon hayaƙina ranar Laraba za ta ƙare. Alhamis da ƙarfe takwas kuma Inna za ta ga likitan ƙirji, layin da muka yi wata huɗu muna jira. A hanyar asibitin akwai shingen masu duba takardu, waɗanda in sun kama mota ba sa sanin akwai tsohuwa a ciki. Na sani, ba a fafe gora ranar tafiya. Amma sau uku ina zuwa ofishin awon ana ce min mai makullin na'ura ya tafi bita.

Ranar dai na same shi, wani dattijo mai biro uku a aljihu. Ya nuna min doka a bango: direba ya fito, ya bar mota a tashe, kada ya taɓa komai. Na fito. Ya zura tiyo a salansar motar, ya duba na'ura, ya dube ni.

"Malam, tayar da motar."

"Ranka ya daɗe, a tashe take."

Ya kafa kunne a kan bonet kamar mai sauraron gulma ta jikin ƙofa. Ya ɗago ya ce shekararsa goma sha tara a aikin nan, bai taɓa ganin mota mai rai ba ta numfashi ba. Na yi masa bayanin batir, ya gyaɗa kai don ladabi, sannan ya buɗe min fom. Gurbi uku ne a ciki: hayaƙi kaɗan, hayaƙi daidai, hayaƙi ya yi yawa. Masanan da suka tsara fom ɗin, Allah ya ƙara musu basira, ba su bar wa marar hayaƙi wuri ba. Ita kuma na'urar ba ta fitar da takarda sai ta ga lamba.

Na ce to bari in ɗan taka totur, injin zai farka. Ya sake nuna min bango da biro.

Sai na koma wa dabara. In batir ya yi ƙasa, injin yakan tashi da kansa ya cika shi. Na roƙi alfarma aka bar ni na kunna sanyi, da fitilu, da rediyo, har da waifa tana ta sharar busasshen gilashi. Masu jiran layi suka zagaye ni suna ba da shawara. Wani ya ce a tura ta, wani ya ce irin waɗannan motocin ba a rasa iska a jikinsu.

Minti arba'in, sai ga injin ya farka. Na waiga, babu mai awo, wai an kira shi jera kujeru saboda babban baƙo. Na ruga na janyo shi, kujera a hannunsa. Kafin mu iso ta cika batirinta ta koma barci. Ya yi min irin kallon da ake wa wanda ya ce ya ga wata da rana.

Na buga wa maƙwabcina waya. Ya yi dariya har da tari, ya ce hayaƙin akori-kurarsa ya ishi mota biyar, kyauta zai ara min. Sai dai shi ne na sittin a layin mai, kuma ko gobara ake a gidansa ba zai bar layin ba.

Ƙarfe uku da rabi ta yi, ƙarfe huɗu ake rufewa. Ba zan ɓoye muku ba, a nan dariya ta ƙare min. Na tuna yadda Inna ke riƙe gefen gado in tarin ya taso mata, na tuna wata huɗun nan, tsoro ya kama ni sosai.

Sai jiniya.

Ashe babban baƙon shi ne Mai Girma Uban Numfashin Talakawa, ya zo ƙaddamar da Makon Tsabtace Iska. Mota goma sha huɗu na ƙirga. Suka cika harabar, kuma ba wadda aka kashe, don kada kujerun manya su ɗauki zafi. Aka tayar da janareta saboda lasifika. Mai Girma ya dasa ɗan itace mai ganye uku, aka tafa, ya yi jawabi a kan haƙƙin jikokinmu su shaƙi iska mai kyau. Jawabin ya ratsa mu ƙwarai, don duk wanda ke wurin sai da idonsa ya yi ruwa.

Ana cikin haka na ji na'ura ta yi ƙara. Tiyon ya zame daga salansata tun ɗazu, yana kwance a ƙasa yana shaƙar abin da mu ma muke shaƙa. Takarda ta fito: hayaƙi daidai.

Mai awo ya matso, hankici a hancinsa, ya ce a hankali, "Ta tashi ke nan?"

Na dubi motata tana sharar barcinta. Na dubi agogo. Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ne masani."

Ya buga hatimi. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Don haka masu cewa manyanmu ba sa tsinana wa talaka komai, ku ji tsoron Allah. Ni ganau ne. Mutum ya bar ofishinsa mai sanyi, ya ƙona fetur ɗin mota goma sha huɗu a lokacin da gari ke layin mai, duk don in sami abin cike fom.

Alhamis muka wuce shinge lafiya, muka ga likita. Ta daɗe tana sauraron ƙirjin Inna, ta rubuta magani, sannan ta juyo gare ni ta ce maganin ba zai yi aiki shi kaɗai ba, lallai a nisanta Inna da hayaƙi.

Na ce to. Ban gaya mata cewa ba don hayaƙin ba, da ba mu iso wurinta ba.