Auduga a Kunnen Gwadabe

"…ina gajiya, angona? Ashe dai ba ka mutu ba tukuna?"

"In mutu in bar wa wa ke? Wa zai kwashi mummuna irinki?"

Ina kan keken ɗinkina a zauren gidanmu na unguwar Congo-Russia na ji su. Kubra ce, mai koyon aikin nas a asibitin mishan, da kakanta Malam Gwadabe, tsohon leburan kuza. Wallahi tsohon nan ya isa da taurin kai! Ƙafarsa ta dama ta yi baƙi har ƙwauri, wari ya hana mu cin abinci a zauren. Jiya an kwantar da shi za a yi masa aiki, likita Bature na buɗe baki tsohon ya sauko daga gado ya ɗingiso gida. An ce in ba a yanke ƙafar a makon nan ba, sai dai a haƙa masa kabari.

"Ina tabar da na aike ki kasuwar Farin Gada ki sayo mini?"

"Ban sayo ba. Ba na yi wa matsoraci cefane. Namijin da ya gudu daga gadon asibiti ko takalmi babu!"

"Ni ne matsoraci? Yarinya, na shiga ramin da ko ƙadangare ba ya shiga, lokacin uwarki ma ba ta iya tsarki ba."

"Amma Turanci ya kore ka. Sannu kawai mutumin nan ya yi maka."

"Ba sannun ba ce, muryar ce."

"Kai tsoho! Bature ai Bature ne, bakinsu ɗaya."

"Ji sakarya, an yi asarar kuɗin boko. Ke Basakkwace da Bakano bakinsu ɗaya? Ko Hausar Suzana mai tumatir ɗaya take da taki? Haka su ma. Akwai 'yan Landan, na ofis, masu magana ta hanci kamar mura ta kama su. Waɗannan ba sa zagi, takarda suke miƙo maka a kore ka. Akwai wasu masu rera magana, tambaya suke ko umarni, oho. Sai na can arewacin ƙasarsu, 'yan Sikotilan, masu gurza harshe kamar injin famfo. Su ake turo mana bakin rami."

"Oho, ashe shehin malami na aura. Saura a ba ka kujera a jami'a, ka cika ta da wari."

"Warin angonci ne, ki saba."

Ta yi dariya, shi kuwa ko murmushi. Na tsayar da keken, don na san inda maganar za ta faɗa. Duk unguwa ta sani.

"Ogan da muke kira Mai Gurnani daga can yake," in ji shi. "Ruwa ya kwana yana zuba, gefen rami ya jiƙe sharkaf. Ya tsaya a sama ya ce a sauka. Ubanki Ishaku ya sauka, kina cikin uwarki. Ƙasa ta rufta. Ba mu gama tono ɗana ba, muryar nan ta ce a tada famfo a koma aiki. Jiya ina kwance na rufe ido, likitanku ya yi magana a kaina. Wallahi Kubra, shi na ji. Har ƙasar na ji a bakina. Shi ne zan miƙa wa ƙafata?"

Kubra ta ɗauke kai tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

"Na tambayi likitan garinsu," ta ce. "Ya ce duk mutanen wajensu haka suke magana, har tsofaffin mata. A Landan ma dariya ake musu, wai ƙauyawa. Ubansa kwal yake haƙa, kuma rami ne ya cinye shi."

"Ƙarya kike! Rami na cin Bature?"

"Da hularsa ma."

Tsoho ya kori ƙudajen da ke kan tsumman ƙafarsa.

"Allah sarki. To na ji, na tausaya masa. Amma kunnena bai yi boko ba, amarya. Yana buɗe baki zan sake gudu."

"Da wace ƙafar? Ai shi ya sa ban sayo taba ba, ga abin da na sayo."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙullin auduga fara tas.

"Ga lefenka. Ka toshe kunnuwan nan masu kama da faifai. Shi ya yi gurnaninsa, ni in tsaya a kanka. Fuskata kawai za ka kalla."

"Innalillahi! A yanke mini ƙafa kuma a haɗa ni da kallon wannan fuska? Azaba biyu kenan."

"Ka zaɓa, ko ita ko ta masu wankan gawa."

Sai ga dariya ta kuɓuce masa, har da tari, hawaye na bin gemunsa.

"Kin ci ni, ja'ira. Je ki kira mai tasi. Amma ki sani, ko da ƙafa ɗaya sai na yi miki kishiya."

Ya yagi audugar ya cusa a kunnuwa biyu, ya danna da ɗan yatsa. Kubra ta durƙusa tana sa masa takalmi a ƙafar mai lafiya, bakinta na motsi.

"Me kika ce, mummuna?" ya ɗaga murya. "Ba na ji!"

Shi bai ji ba. Ni da ke kusa na ji, kuma har yau ina ji.

"Cewa na yi kada ka mutu, Kaka. Ba ni da wani uban sai kai."