Ranar da fim ɗina ya bi ruwa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da direbobin taksi goma sha ɗaya suka tsaya a ƙofar shagona a unguwar Lazaret suna jiran rigunan ƙwallonsu, ni kuma zufa na bin bayana.

Ni tela ne. Buga rubutu a jikin riga sana'ar Kawu Isufu ce, ƙanin mahaifiyata, wanda ya tsufa a kanta a kasuwar Katako. Shi wani ruwan magani mai kauri yake shafa wa ragar kadar (katakon nan mai kusurwa huɗu da ake ɗaure raga a jiki), ya bar shi ya bushe a duhu. Sau biyu na gwada, sau biyu ya zubo kamar kunu. Sai na ga bidiyo a waya: akwai fim kapiler, maganin ne aka riga aka shimfiɗa a kan leda. Ka jiƙa raga, ka manna, shi ke nan.

Na sayo falle biyu, na wuce Katako musamman don in yi baki.

"Kawu, wannan kunun naka zamaninsa ya wuce."

Ko kallona bai yi ba. "To, Allah ya ba da sa'a," ya ce.

Da direbobin suka kawo ɗinki, ni da bakina na ce har sunan ƙungiya zan buga musu. Wasa ranar Lahadi ne, ƙarfe huɗu. Na kuma gayyaci Kawu ya zo ya ga zamani (har yau ban san wane aljani ya sa ni ba).

Ranar Lahadin da safe na jiƙa raga na ɗora fim. Gefe ɗaya na sheƙi, ɗayan dishi-dishi. Na ce ai mai kyau shi ne fuska, na kifa mai sheƙin a kan raga. Da ya bushe sai na ga gefensa na ɗagowa. Mai hankali da ya tsaya ya sake kallon bidiyon. Ni kuwa sikoc, wato salatif, na ɗauko na liƙe shi ta ko'ina.

Ƙarfe ɗaya suka cika ƙofa, Kawu na zaune kan benci da carbinsa. Kyaftin ɗinsu, Mamman, sai duba agogo yake.

"Tela, za mu samu kuwa? 'Yan Banifandou har sun isa fili."

"Minti goma," na ce.

Na aza takardar da ke ɗauke da sunan ƙungiya a kan fim ɗin, na danne da gilashi, na fitar rana, ina ƙirga a zuci. Sannan na kai kadar bakin famfo, kowa ya matso. Ruwa zai wanke inda rubutu yake, sunan ya fito. Haka bidiyo ya ce.

Na buɗe famfo. Sikoc ya saki. Fim ɗin gaba ɗaya ya sulale kamar ɓawon ayaba, ya faɗa kwata. Na tsaya riƙe da raga fes, ina hango fuskokinsu ta cikinta.

Can wani ya ce, "Sunan namu ne ya tafi?"

Dariyar da aka yi har mai shayin tsallaken hanya ya leƙo. Mamman kaɗai bai yi ba.

"Tela, tsirara za mu shiga fili?"

Kawu ya miƙe a hankali, ya tsamo fim ɗin da yatsa biyu, ya juya shi.

"Ɗana, leda ka manna wa raga. Maganin ga shi nan yana kallon titi. Mai dishi-dishin shi ke shan ruwa ya kama, ledar kuma ɓare ta ake yi. Akwai saura?"

"Ɗaya, Kawu."

Ya naɗe hannun riga. Ashe ya san fim ɗin tun ina makarantar firamare, kunun nasa ne kawai ya fi masa araha. Ya wanke raga, ya manna daidai, muka kafa masa fanka a cikin ɗaki. Ni da na gayyato shi kallo, aikina ya koma miƙo riga da shanya ta a igiya. Ƙarfe uku da rabi suka kwashe rigunan, fenti ko gama bushewa bai yi ba. Aka ci su uku da nema, kuma har yau Mamman cewa yake warin fenti ne ya hana su gudu.

Fim kapiler dai da gaske yana da sauƙi ga sabon shiga, da shi nake aiki yanzu. Sai dai na koyi cewa idan abu ya ƙi kamawa, tambaya ake yi, ba sikoc ake ƙarawa ba. In kuma za ka yi gwajin farko, kada ka tara 'yan kallo.