Rasuwar Aukje, Wanda Hanya Tasa Ce

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da kunya, ni Wiebe Hoekstra nake sanar da rasuwar jirgin ruwanmu mai tafiya da iska, Aukje, ranar Asabar da hantsi a bakin tashar Stavoren. Ya rasu yana da shekara arba'in da ɗaya.

Surukina, uban matata, shi ne ya sassaƙa shi da katako, matata marigayiya Tjitske ta tuƙa shi shekara talatin. Mai haƙuri ne, bai taɓa gogar jirgin kowa ba. In iska ta cika ƙyallensa sai ya ce "fap" sau ɗaya, ya kwanta kaɗan ya kama hanya. Tun da Tjitske ta rasu, wannan ƙarar ce abokiyar hirata.

Bai yi jinya ba. Tasha ta cika maƙil, muna shigowa, sai ga wani baƙo a jirgin haya mai inji ya nufo mu. Doka a fili take: mai inji ke kauce wa mai iska. Maƙwabcina Douwe yana kan gada yana ɗaga hannu: "Wiebe, kauce masa mana, wannan bai san damansa da hagunsa ba!" Na ce, "Hanyata ce, shi zai kauce." Ina da lokacin juyawa har sau biyu, taurin kai ya hana ni. Jirgin baƙon ya dake mu, haƙarƙarin Aukje bakwai suka karye, ya nutse a gaban masu shan kofi.

Ya bar dirka ɗaya da ake ɗaura ƙyallensa, butar shayi, da 'yata Marrit, wadda uwarta ta yi wa wasiyyarsa. Da na gaya mata, abin da ta ce kawai: "Baba, aro fa na ba ka." Ba ta ɗauki wayata ba tun ranar, kuma ban ga laifinta ba.

Za a tsamo gawar ranar Laraba da ƙarfe goma, a kai ta filin gyaran jirage. Akwai kofi da kek a rumfar Douwe. Na ajiye wa Marrit kujera a gaba, ko za ta zo. Masu ta'aziyya, don Allah kada wanda ya sake ce mini ni ke da gaskiya. Na sani, da ita na fito daga ruwa, ni kaɗai.