Yadda Za Ka Taya 'Yarka Dafa Zinariyar da Ido Ba Ya Gani

Idan kana da 'ya mai karatun kimiyya, kuma kana so a ce da hannunka a aikinta, bi matakan nan. Na ba ka tabbaci, kafin rana ta faɗi kowa a wurin zai san da kai. Na koye su ne daga wani tsohon maƙerin zinariya da na sani ƙwarai, wanda ya gwada su duka a wuni guda.

1. Nemi hanyar shiga

Je ɗakin gwajinsu, ka ce ta manta abincinta a gida. Haka maƙerin ya yi wa Autarsa, ranar da Farfesanta zai zo da ƙarfe huɗu ya duba aikinta, ya yanke ko ta wuce ko ta maimaita shekara. Za a ba ka farar riga da safar hannu. Sa rigar, ka cusa safar a aljihu. Shekara arba'in kana taɓa zinariya, ba yau za ta cije ka ba.

2. Kada ka nuna mamaki

Za a nuna maka jan ruwa a kwalba, a ce zinariya ce. Gyaɗa kai. Auta ta yi wa tsohon bayani cewa an narkar da ita, an tafasa, an zuba wani sinadari dangin lemun tsami, sai ta koma ƙwayoyi ƙanana, dubbai za su jeru a kaurin gashi ɗaya. Launi ke faɗin girmansu: ja, ƙanana ne kuma kansu ɗaya; in suka cure, ruwan ya koma shuɗi. Wannan na ƙarshen bai ji ba, don hankalinsa ya tafi ga irin 'yan kunnen da za a ƙera wa sauro.

3. Mayar da komai zancen tarbiyya

Za ta ce in sinadarin ya yi yawa, ƙwayoyi da yawa ke tsirowa tare, su raba zinariyar, kowace ta tashi 'yar mitsitsiya. In kaɗan ne, 'yan tsiraru su cinye komai su yi teɓa. Ka ce ai gidan yawa ke nan da gidan ɗan tilo. Za ta ce wasu kan fito dogaye kamar sanda, saboda wani abu mai kama da sabulu yana manne musu a gefe, ya bar su suna girma ta kai da ƙafa kawai. Ka ce kawunta ma haka aka yi da shi.

4. Jira ta fita amsa waya

Yanzu dubi kwalbar da idon sana'a. Ja ne, amma ina ƙyallin? Kowane maƙeri ya san da gishiri ake wanke zinariya ta yi haske, ga shi kuwa uwarta ta ƙulla kaɗan a gefen dafaffen ƙwai. Tsunkula ka zuba. Masana suna da karatu, hannu ne ba su da shi.

5. Tsaya cak

Ruwan zai yi duhu, ya koma shuɗi. Kada ka girgiza, an gwada. Kada ka kare kwalbar da rigarka, shi ma an gwada.

Auta ta dawo, ta leƙa ta bayan tsohon.

"Baba, me ka sa?"

"Ɗan haske ne, Auta."

Ta zauna a kujera, ta ce masa a hankali gishiri ya hana ƙwayoyin ture juna, sun rungume, ba mai raba su kuma. Tsohon ya gwammace da ihu ta yi. Ya fara murza zobensa zai cire a narka, ta riƙe masa hannu. Ta ce ruwan zinariyar da ya rage na dahuwa ɗaya ne tak.

6. Karɓi aikin da aka ba ka

Ta wanke sabuwar kwalba sau uku, ta ɗora a wuta, ta miƙa masa agogo.

"Hannu ɗaya agogo, ɗaya a aljihu. Launi kawai za ka faɗa mini."

Nan fa aka zo gidansa. Mutumin da ya tsufa yana karanta launin ƙarfe a wuta bai ƙyafta ba. Ruwan ya tashi daga rawaya ya washe, ya yi baƙi-baƙi, ya juya, ja ya shigo ya zauna.

"Sauke, Auta. Ya nuna."

Ta auna a na'ura, ta sake aunawa, sannan ta ɓare ƙwai ɗaya ta ci ba gishiri.

7. Karɓi ɗaukakarka

Farfesa ya zo, ya duba jan ruwa da takardu, ya sa hannu. Sai idonsa ya faɗa kan shuɗiyar kwalbar, ya tambayi wanda ya yi wannan. Auta ta ce babanta ne. Ya ce shekara da shekaru yana neman abin da zai riƙa nuna wa sababbin ɗalibai don su ji tsoro. Kwalbar tana nan a kan kantar ɗakin gwajin har yau, an manna mata takarda: "Aikin Baba." Ka ga alkawarina ya cika.

Gargaɗi: duk wanda ya bi matakan nan aka raka shi bakin ƙofa, shi da 'yarsa, ba ruwana. Gishirin da aka gani a aljihun rigata kuma ba hujja ba ne. Ko Auta ba ta riƙe ni da shi ba, tunda ta ce in koma ranar Talata da agogo. Abincin, in ji ta, ita za ta ɗauko da kanta.