Yaƙin Attaruhu da Kuɓewa a Hanyar Sabon Fegi

Da sunan Mai kowa Mai komai muke jiƙa alƙalami, kafin ya ambaci Alhaji Ilu ɗan Jatau Mai Facin Keke, ɗan Magaji Madugu wanda ya kai jakai arba'in Gwanja ya dawo da talatin da tara da uzuri mai gamsarwa, ɗan Tanko Sarkin Zango wanda masana nasaba suka ce bai taɓa tafiya a hankali ba sai ranar da aka ɗauke shi a makara. Zuri'a ce da Allah Ya hore wa komai ban da burki. Shi kuwa Ilu, bayan ya shekara talatin da biyar yana buga hatimi a ofis ya yi ritaya, sai jinin kakanni ya motsa, ya mallaki wata tsohuwar motar tsere ja wur, mai kujera biyu, mara rufi, wadda ta girmi babban ɗansa. Mutanen Funtuwa suka raɗa mata Attaruhu, don ƙarama ce amma tana sa hawaye.

Ilu na Tasalla, guguwar kwalta! Hadari mai tafe da salansa, dodon masu tsallaka titi, wanda awakin gari suka haddace ƙarar injinsa tun suna ciki! In aka ce masa motar ta tsufa, sai ya shafa mata goshi ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Amma kowace daula akwai wadda ta fi ta, kuma daular da ta fi Ilu ita ce matarsa Hajiya Tasalla. Sau uku ana kawo mata ƙararsa, na ƙarshen har da fasassun ƙwai a faranti a matsayin shaida. To da aka zo bikin Sa'adatu, 'yar ƙanwar Hajiya, sai aka naɗa Ilu jagoran ayarin kai amarya, don shi kaɗai ya san gidan da ango Nafi'u ya gina a Sabon Fegi, unguwar da ba lamba ba sunan titi, gidaje duk bulo ɗaya ƙyaure ɗaya. Hajiya ta tsare shi a zaure ta karanta masa sharuɗɗan sulhu.

"Alhaji, yau kai ne idon jama'a. Ka kai mu lafiya, ka riƙe makullinka. Ka yi halin naka, wallahi ka yi ban kwana da shi."

"Haba Hajiya," in ji sadaukin, "ai yau ko kunkuru sai ya wuce ni."

Duk da haka Hajiya ba ta yarda ɗan Adam ya zauna gefensa ba. Sabon turmin amarya aka ɗora masa a kujerar, aka ɗaure da bel, aka lulluɓe da mayafi mai ƙyalli don kada ya yi ƙura. Bayan la'asar runduna ta ɗaga, mota goma sha ɗaya, Attaruhu a gaba, amarya da Hajiya a ta biyu.

Tarihi ya shaida, ni ma na shaida don kada a ce na zalunce shi, cewa Ilu ya yi tafiyar mutanen kirki har tsawon minti huɗu. Ana isa shataletale sai ga Alhaji Barau, abokin hamayyarsa tun firamare, ya ɓullo cikin doguwar koriyar motarsa Kuɓewa, sa'ar Attaruhu a shekaru da rashin ji. Barau ya matso kusa da shi. Ya dubi Ilu, ya dubi irin tafiyar da yake yi, ya danna hon sau biyu, ya yi murmushi.

Wayyo, hali zanen dutse!

"Yau ko ni ko kai!" Ilu ya yi kururuwa, ya cusa giya, ya taka totur har ƙasa.

Nan fa ƙasa ta girgiza, sararin samaniya ya turnuƙe da hayaƙi, dakarun biyu suka jera kafaɗa da kafaɗa a titin da aka yi domin talakawan Allah, suna shan kwana ba sigina, suna haye tudun rage gudu kamar ba don su aka gina shi ba, mai rake ya watsar da wuƙarsa, 'yan acaɓa suka nemi mafaka a kwata, tumaki suka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, hular Ilu ta yi hijira zuwa kan wata darbejiya, wayarsa kuwa ta yi kuka sau goma sha bakwai a aljihu ba mai jin ta. Dattawa biyu fa, masu furfura, waɗanda likita ya hana cin gishiri! Abin kunya ne, kuma tsarewar Allah ce kawai ta sa ba a rasa kowa ba sai kwandon tumatir guda da ya riga mu gidan gaskiya.

A bakin gada Kuɓewa ta yi tari, ta tafasa, ta miƙa wuya. Ilu ya wuce yana ɗaga hannu, ya shiga Sabon Fegi shigar mai nasara, ya ja burki a ƙofar ango, ya dira ya nufi wajen maza don ya ba su labarin galabar tun da zafinta.

Matan gidan kuwa da suka ga motar jagora da lulluɓaɓɓiya a zaune, sai suka kece da guɗa, suka yo waje da turaren wuta. Gwaggo Laraba, babbar gwaggon ango, ta matso ta sassauta murya.

"Sauko 'yata, nan ma gida ne. Da bisimilla, da ƙafar dama."

Shiru.

"Kai, yarinyar nan akwai kunya! Lallai an yi tarbiyya a gidansu."

Aka yi lallashi, aka yi addu'a, aka yi waƙa, amarya ko motsi. Gwaggo ta laluba don ta kamo hannunta, ba ta sami hannu ba. Ta ɗaga mayafin. Guɗa ta mutu a maƙogwaron mata goma sha biyu.

Ita kuwa runduna, tun daga shataletale ta rasa madugunta. Da suka buga waya gidan ango aka ce su sha kwana wajen gida mai baƙin ƙyaure, sai suka tarar da irinsa talatin. Suka ji guɗa daga nesa suka bi ta, ashe wani bikin ne daban, kuma saura ƙiris a shigar da Sa'adatu, sai ta leƙo ta ƙasan mayafi ta ga hoton angon a jikin bango.

"Inna," ta ce da Hajiya a hankali, "wannan fa ba Nafi'u ba ne."

Haka sauri ya haifi nawa. Ana kiran magariba ayari ya iso, amarya lafiya lau, har tana ƙunshe dariya. Hajiya Tasalla ta sauko, ta gyara mayafi, ta taka har gaban gwarzon kwalta, jikan Madugu, magajin Sarkin Zango. Ba ta ɗaga murya ba. Tafin hannu kawai ta buɗe. Jarumin da ya tarwatsa tumakin Funtuwa ya laluba aljihu, ya ajiye makulli, ta ƙulle shi a haɓar zane.

Yanzu in ka je garin ranar Juma'a, za ka hango shi a bayan ɗan acaɓa, ya ƙanƙame mutumin da hannu bibbiyu, ya runtse ido, yana rera kirarin yaƙinsa na ƙarshe:

"Bawan Allah, a hankali! Ba ka ga akwai mutane a titi ba?"